Kada Ya Faɗi, Kada Ya Yi Zafi: Lissafin Iyafis Mai Maƙalewa a Kunne

Ranar da na kai wa malamin da ke duba aikina na ƙarshe samfurin farko na iyafis ɗin da na ƙera, ko waya bai ce in jona masa ba. Ya maƙala shi a kunne, ya ci gaba da duba takardun jarrabawa. Bayan kamar minti goma sha biyar ya cire, ya juyo mini da kunnensa. Wurin ya yi ja, har da shatin waya. Ya ce, "Wannan iyafis ne ko abin shanya kaya?" Na ce, "Malam, ai don kada ya faɗi ne." Ya ce in je in lissafo masa nawa ne "kada ya faɗi" a ma'aunin nyutan, in ba haka ba ba zai sa hannu a babi na uku ba. Abin da na lissafo shi ne zan kawo muku a nan, musamman 'yan ajin ƙasa da ke tunanin ɗaukar aikin ƙirar abin da ake sawa a jiki.

Irin iyafis ɗin da nake magana a kai ba ya shiga ramin kunne. Siffarsa kamar harafin C ce: ƙwallon sifika yana zama a kwarmin kunne daf da bakin ramin, batir yana bayan kunne, wata 'yar gada mai lanƙwasuwa ta haɗa su ta gefe. Huawei ta fitar da FreeClip a ƙarshen 2023, kowane ɗaya giram 5.6, Bose kuma ta biyo da Ultra Open a 2024. Amfaninsa a wajenmu a fili yake. Kana jin karatun da ka naɗa a waya, kana kuma jin hon ɗin ɗan adaidaita a bayanka, kunne kuma ba ya toshewa da gumi lokacin zafi.

To, me ke riƙe shi? Matsewa da gogayya, shi ke nan. Mu ɗauka nauyinsa giram 6 ne, wato kusan nyutan 0.06. Amma mutum ba gunki ba ne, yana gudu, yana tsalle, babur yana faɗawa rami da shi. Sai na ninka nauyin sau uku don wannan jijjigar, ya zama 0.18. Fuska biyu ke taɓa fata, gaba da baya, saboda haka riƙon da ake samu shi ne biyu sau lambar gogayya sau ƙarfin matsewa. Idan muka ɗauki lambar gogayya a 0.5 a kan busasshiyar fata, matsewar 0.18 ta wadatar. Idan gumi ko basilin ɗin hunturu ya rage lambar zuwa rabi, ana bukatar 0.36. Waɗannan lambobin gogayyar zato ne na fara aiki, kowa ya auna nasa. Amma ku dubi ƙanƙantar amsar: ko rabin nyutan bai kai ba.

Da na ja samfurina da sikelin sifirin na ɗakin gwaji, sai da ya nuna kusan nyutan 1.5 kafin bakinsa ya buɗe daidai kaurin kunne. Ya ninka abin da ake bukata sau huɗu. Wallahi na ji kunya.

Sai dai ba a nan babban kuskuren yake ba. Fata ba ƙarfi take ji ba, danniya take ji, wato ƙarfi a raba shi da faɗin wurin da ya sauka. Masu kula da gyambon kwanciya a asibiti sun daɗe suna amfani da milimita 32 na ma'aunin hawan jini, kusan kilofaskal 4, a matsayin iyakar da ƙananan jijiyoyin jini na fata ke fara toshewa idan danniya ta daɗe. Gefen kunne kuwa guringuntsi ne da siririyar fata a kansa, babu tsoka babu kitsen kirki da zai tare. Guringuntsin ma ba shi da jijiyoyin jini na kansa, daga fatar da ta lulluɓe shi yake samun abinci. Shi ya sa zafin ba ya zuwa nan take. Minti biyar na farko lafiya lau, sai can ka ji kamar ana ɗana maka garwashi.

Bakin samfurina milimita 5 ne tsawo da faɗi. Nyutan 1.5 a kan wannan ɗan wurin ya ba da kilofaskal 60. Ko da na sauke matsewar zuwa 0.36 na bar bakin yadda yake, 14.4 zan samu, har yanzu ya wuce iyaka nesa ba kusa ba. Amma 0.36 ɗin nan a kan santimita ɗaya tsawo da faɗi, 3.6 ne kacal. Ashe maganin faɗaɗa wurin taɓawa ne, da zagaye bakinsa, da lulluɓe shi da silikon mai taushi wanda zai bi siffar kunne, ba ƙara matsewa ba.

Matsala ta biyu ta fito ne da na ɗauki ma'aunin kalifa na wokshop ina bin 'yan ajinmu ina auna musu kunne. An sha yi mini dariya, har wani ya ce ko wanzanci na koma. Kunnuwa ba ɗaya ba ne. Na wani siriri kamar ganye, na wani mai kauri, kuma ko a mutum ɗaya na dama da na hagu ba lallai su zo daidai ba. Sifirin na yau da kullum yana bin dokar Hooke: gwargwadon buɗewa, gwargwadon ƙarfi. Idan sifirin ɗinka mai tauri ne, abin da ya yi wa mai siririn kunne sako-sako zai ciji mai kauri. Abin da ake nema shi ne sifirin mai laushi wanda tun a rufe yake da 'yar matsewa, ta yadda bambancin milimita ɗaya ko biyu ba zai sauya ƙarfin sosai ba.

Manyan kamfanoni sun samu mafita a ƙarfen naitinol, gamin nikel da taitaniyam da aka gano a wani ɗakin binciken sojan ruwan Amurka wajen 1960. Shi ne a gadar FreeClip, shi ne kuma ake yin wayar daidaita haƙora da wasu firam ɗin tabarau da shi. Halinsa shi ne yana lanƙwasuwa mai yawa ƙarfinsa bai ƙaru a zo a gani ba, sannan ya koma siffarsa. Ni dai na zagaya kasuwa ban samu ba, kuɗin yin oda kuma ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Sai na koma littafinmu na ƙarfin kayan aiki. Taurin sandar da aka kafe gefe ɗaya yana raguwa da tsawonta sau uku a jere, wato ka ninka tsawo biyu, tauri ya ragu sau takwas. Na sa waya mafi siriri, na ƙara wa gadar tsawo da lanƙwasa mai faɗi, na zura ta cikin bututun silikon. Darasin da muka yi barci a cikinsa a zangon farko, shi ya cece ni.

Rabon nauyi ma yana da nasa. Idan batir ya fi sifika nauyi da yawa, abin zai riƙa juyawa a hankali har sifikar ta bar bakin rami, sauti ya dushe, mai shi ya ƙara murya. Dama irin wannan iyafis yana zubar da sautin ƙasa-ƙasa tun da a buɗe yake, jarabar ƙure murya tana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na awa 40 a mako shi ne iyakar babba, to kada ƙirarka ta tura mutum ya wuce.

Samfuri na uku ya yi awa biyu a kunnen Malam bai cire ba, ya kuma sa hannu. Ina cikin murna wata 'yar ajinmu ta karɓa ta gwada. Tana mayar da hijabinta sai yadin ya danne batirin a jikin ƙashin bayan kunne, da ta juya kai kuma ya ture shi gaba ɗaya. Ta ce, "Kai da maza kawai ka yi lissafinka." Gaskiya ta faɗa, duk kunnuwan da na auna babu wanda ke ƙarƙashin mayafi. Mai tabarau ma ya yi ƙorafin cewa ƙafar tabaransa na karo da shi idan na ɗaga shi sama.

Yanzu ina ƙoƙarin baje gidan batirin ya yi fale-fale, in kuma sauko da wurin maƙalawa ƙasa kaɗan, kusa da inda mata ke huda kunne amma ba a kansa ba. Saura mako biyar in kare aikin a gaban malamai. Ina bukatar ƙarin kunnuwa, musamman na masu hijabi da masu tabarau. Ina wokshop ɗin sashenmu kullum bayan la'asar, kuma 'yar ajin namu ta yarda ita za ta riƙa auna mata. Awon bai wuce minti biyu ba.