Lambun Yara: Koyon Halittu da Al'adun Duniya da Hannu

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinku za a tura su gwajin koyarwa a azuzuwan ƙananan yara, 'yan shekara uku zuwa biyar. Abin da za ku tarar a makarantu da dama shi ne yara arba'in a kan benci, malama tana faɗa suna amsawa, suna rera sunayen jihohi da manyan biranensu tun safe har tashi. Bakin yaro ya iya, amma in ka ɗauko ganyen wake da na gyaɗa ka ce ya bambanta, sai ya tsaya yana kallonka. Wannan darasi zai nuna yadda ɗan fili a bayan aji zai koya wa yaro abu biyu a lokaci guda, watau halittun Allah da zaman mutanen wasu ƙasashe.

Mafarin al'amarin

Wanda ya fara wannan irin makaranta wani Bajamushe ne, sunansa Friedrich Froebel. An haife shi a 1782, ya rasu a 1852. Tun yana saurayi ya koyi aikin gandun daji, daga baya ya zauna wajen babban malamin nan Pestalozzi a ƙasar Suwizalan. A 1837 ya buɗe wurin wasa da aiki domin ƙananan yara a garin Blankenburg, a 1840 kuma ya raɗa masa suna Kindergarten, watau lambun yara da Jamusanci. Nufinsa shi ne yara kamar tsiro su ke, malami kuwa mai lambu ne: ba ya jan tsiro da hannu don ya yi tsawo, nasa ban ruwa ne da cire ciyawa.

Froebel bai tsaya ga misali ba. Ya yi lambu na sosai, ya yanka wa kowane yaro ɗan kwaminsa, ya kuma ware wani wanda duka za su yi aiki tare. Ya shirya kayan wasa da ya kira kyaututtuka. Ta farko ƙwallaye shida ne na zaren ulu masu launi dabam dabam, wata kuma guntun katako ne mai kusurwa wanda ya ke rabuwa gida takwas. Gwamnatin Purushiya ta hana irin waɗannan makarantu a 1851, sai 1860 aka ɗage hanin. Duk da haka abin ya bazu, ya kai Amurka a 1856. Can Italiya kuma wata likita, Maria Montessori, ta buɗe Gidan Yara a birnin Rum a 1907, ta ƙara ƙarfafa cewa hannu shi ne ƙofar hankalin yaro. A nan Nijeriya, Manufar Ilmi ta Ƙasa wadda aka fara bugawa a 1977 ta ce a koyar da ƙanana ta hanyar wasa, da harshen uwa ko harshen mutanen wurin, a kuma tayar musu da sha'awar bincike ta wajen duba halittu. Ashe ba baƙon abu mu ke kawo muku ba.

Darasin tsiro

Kada malami ya ce ba shi da kayan aiki. Gwangwanayen madara, da ƙasa, da tafin wake sun isa. A huda gindin gwangwani, kowane yaro ya cika nasa da ƙasa da hannunsa, ya binne wake uku, ya zuba ruwa. A sa wa kowane alama, gama yaro ba ya wasa da abin da ya san nasa ne. Ban da waɗannan, malami ya sami kwalba mai faɗin baki, ya cusa jiƙaƙƙiyar auduga ko tsumma, ya maƙala wake da masara a jikin gilashin yadda za a gan su.

Cikin kwana uku zuwa biyar za a ga abin mamaki. Saiwa ce ta ke fara fitowa, kuma ko yaya aka juya ƙwayar, ƙasa za ta nufa. Wake ya kan ɗago ɓarinsa biyu sama da ƙasa, masara kuwa ƙwayarta tana nan a binne, sai ta turo tsinin ganye guda. Kada ku yi gaggawar gaya musu. Ku tambaya: "Me ka gani yau wanda babu jiya?" Gani ya kori ji.

Sa'an nan a ɗauki gwangwani uku na aji. Ɗaya a ba shi ruwa a ajiye a haske, ɗaya a hana shi ruwa, ɗaya a ba shi ruwa amma a rufe shi cikin akwati. Bayan mako guda ko biyu a jera su. Na haske kore shar, wanda ba a ba ruwa ba bai tsiro ba, na duhu kuwa ya yi tsawo siriri, rawaya, ba ƙarfi. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba sai an sa shi haddace bukatun tsiro ba. A kowace Juma'a a yanka tsinke daidai tsawon tsiron, a manna a bango. Jerin tsinkayen nan shi ne farkon awo da lissafi.

In akwai fili, a shuka gyaɗa tun farkon zango. Bayan kamar mako biyar za ta yi fure rawaya, daga furen wani ɗan tsinke ya sunkuya ya shiga ƙasa, can 'ya'yan su ke ƙulluwa. Manya da yawa sun ci gyaɗa shekara da shekaru ba su taɓa lura da wannan ba.

Daga lambu zuwa duniya

To, ina al'adun duniya su ka shigo? Suna cikin lambun nan, domin kusan kowane tsiro yana da ƙasarsa ta asali. Dawa da gero da wake 'yan Afirka ne. Masara daga Meksiko ta fito. Rogo da gyaɗa da abarba daga Amurka ta Kudu, kuma Turawan Fotugal ne su ka kawo rogo gaɓar Afirka a ƙarni na 16. Dankalin turawa da a ke nomawa a tsaunukan Jos asalinsa duwatsun Peru ne. Mangwaro da dogon yaro daga wajen Indiya, ganyen shayi daga ƙasar Sin.

Yaro ɗan shekara huɗu bai san nisa ba, taswira kuwa a wurinsa zane ne kawai. Saboda haka a fara da na kusa. A ajin da ke da 'ya'yan Yarbawa da Ibo da Hausawa, a ɗaga zangarniyar masara a tambayi sunanta. Wannan ya ce agbado, wancan ya ce oka, wani ya ce masara. A tambayi abin da a ke sha da safe a gida: ogi, akamu, koko. Nan take yaro zai gane abu ɗaya ne, suna ne ya bambanta. Daga nan sai a ce, "Akwai wasu yara can bayan teku, a Meksiko, iyayensu mata su kan niƙa masara su gasa ta fale-fale, su naɗe wake a ciki." A kwaɓa gari ko yumɓu, kowa ya laƙaƙa nasa da tafi.

Wani mako a ɗauki shinkafa. Mutanen kudancin Indiya su kan ci ta da hannun dama a kan ganyen ayaba, mutanen Sin da Japan kuwa da 'yan sanduna biyu. A ba yara tsinkaye bibbiyu su gwada ɗaukar guntun soso. Za a sha dariya, yatsu kuma suna ƙwarewa domin riƙon fensir. A yi ƙwallon duniya da ƙwarya biyu, a shafa wa teku shuɗi, a manna yashi inda ƙasa ta ke, kamar yadda a ke yi a makarantun Montessori, sa'an nan a liƙa ƙwayar masara a Meksiko, ganyen mangwaro a Indiya, gero a Afirka.

Gargaɗi

Na ɗaya, dariyar ta tsaya kan wuyar riƙon tsinke, kada ta koma kan mutane. In malami ya yamutsa fuska ga abincin wata ƙabila, yara arba'in sun koyi raini, kuma icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Na biyu, ƙanana su kan cusa ƙwaya a hanci ko kunne, don haka a ƙirga irin kafin a raba da bayan an gama. Irin kasuwa da aka zuba wa magani kada ya shiga aji, haka 'ya'yan zurma da ɗanyen rogo, gama suna da dafi. Na uku, a wanke hannu da sabulu bayan aikin ƙasa. Na huɗu, a gajarta, minti goma sha biyar ya isa. Iyaye kuma za su tambayi dalilin da ɗansu ya dawo da ƙasa a riga babu rubutu a littafi. Ku gayyace su ranar da za a kai gwangwanaye gida, ku bar yaron ya yi musu bayani da bakinsa.

Aikin yi

1. Shuka wake da masara a kwalba, ka zana abin da ka gani kowace rana har kwana goma.
2. Zaɓi tsiro guda daga kasuwar garin da ka ke, ka nemo sunansa cikin harsuna uku da ƙasarsa ta asali.
3. Shirya darasin minti goma sha biyar a kansa, wanda kowane yaro zai taɓa wani abu da hannunsa.