Darasi: Ɓata Ruwa Da Ƙasa Laifi Ne

A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Masu neman zinari suna kawo duwatsu cikin gida, a niƙa su a tsakar gida. Duwatsun nan suna ɗauke da dalma. Ƙurar ta sauka a ƙasa da kan abinci. Yaro mai rarrafe ya sa hannu a ƙasa, ya kai baki. Daga nan sai farfaɗiya, sai mutuwa. Wanda ya tsira ma, sau da yawa ƙwaƙwalwarsa ta taɓu.

Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun, ruwan madatsar Bakolori ke shayar da gonakinsu. Wanda ya wanke irin wannan dutse a bakin ruwa, ba shi kaɗai zai cutu ba.

Doka ba ta bar wannan ba. Dokar hukunta laifuka ta Arewa ta haramta gurɓata rijiyar jama'a, kuma akwai ɗauri ko tara. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce haƙar zinari ba lasisi laifi ne. Bayan an jibge guba daga Italiya a garin Koko a 1988, gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 42. Hukuncinta ɗaurin rai da rai.

Amma doka ba ta tafiya da ƙafarta. Wanda ya ga ana niƙan dutse cikin gari, sai ya sanar da mai unguwa ko hakimi, su kai maganar ga 'yan sanda.