Darasi: Yadda Ake Karanta Sakamakon Zaɓen Majalisar Tarayya, Misali da Jihar Kano a 2023

Makon jiya a darasin ilimin zaman ɗan ƙasa, Malam ya tambayi ajinmu sunan ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓarmu a Abuja. Wani ya ambaci gwamna, wani ya ambaci shugaban ƙaramar hukuma. Ni ma shiru na yi, kunya ta kama ni. Shi ya sa na je na yi nazari a kan zaɓen 2023 a jiharmu ta Kano, ga kuma abin da na koya. Ƙungiyarmu ta 'yan jarida ba ta goyon bayan kowace jam'iyya, karatu kawai za mu yi.

Mece ce Majalisar Tarayya?

Majalisar Tarayya ita ce ke yin dokokin ƙasa baki ɗaya. Ita ke amincewa da kasafin kuɗin gwamnatin tarayya, kuma tana sa ido a kan yadda ma'aikatu ke kashe kuɗin. Zaure biyu gare ta. Akwai Majalisar Dattawa mai sanatoci 109, wato uku daga kowace jiha cikin jihohi 36, da ɗaya daga Abuja. Akwai kuma Majalisar Wakilai mai mambobi 360, waɗanda aka raba bisa yawan jama'a. Kano da Legas ne suka fi kowa, kowacce tana da kujeru 24.

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44. Don zaɓen sanata an kasa su uku: Kano ta Tsakiya tana da 15, Kano ta Kudu 16, Kano ta Arewa 13. Don zaɓen ɗan majalisar wakilai kuma an kasa su 24. Wata ƙaramar hukumar ita kaɗai ce mazaɓa guda, kamar Dala ko Fagge ko Bichi. Wasu kuma an haɗa su biyu ko uku, kamar Kiru da Bebeji.

Ranar zaɓe

An yi zaɓen ranar Asabar, 25 ga Fabrairu, 2023. A ranar kowane mai zaɓe takarda uku aka ba shi: ta shugaban ƙasa, ta sanata, da ta ɗan majalisar wakilai, kowacce da akwatinta. Ku riƙe wannan sosai, domin mutum yana iya dangwala wa tsintsiya a takarda ɗaya, ya dangwala wa kwandon kayan marmari ko lema a ɗayar, babu wanda zai hana shi.

Bayan an gama jefa ƙuri'a, ana ƙirga su a rumfar zaɓe a gaban jama'a da wakilan jam'iyyu. Daga nan a kai sakamakon cibiyar gunduma, sai ƙaramar hukuma, sai cibiyar mazaɓa, inda baturen zaɓe na hukumar INEC zai bayyana wanda ya yi nasara.

Abin da sakamakon ya nuna

Idan ka tambayi mutane wa ya ci Kano a 2023, da yawa za su ce NNPP. A zaɓen shugaban ƙasa haka ne. Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya samu ƙuri'a 997,279, Bola Tinubu na APC ya samu 517,341, Atiku Abubakar na PDP kuma 131,716. Amma zaɓen majalisa ba a haɗa jiha gaba ɗaya a ce ga wanda ya ci. Gasa 27 aka yi daban-daban, uku na sanata, 24 na wakilai.

A Kano ta Kudu, Kawu Sumaila na NNPP ya kayar da Kabiru Gaya na APC. Gaya tsohon gwamna ne, kuma tun 2007 yake kan kujerar, wato tun kafin a haifi kowa a ajinmu.

A Kano ta Arewa labari ya sha bamban. Barau Jibrin na APC ne ya ci, ya kayar da Abdullahi Baffa Bichi na NNPP. Da aka buɗe sabuwar majalisa a watan Yuni na 2023, sanatoci suka zaɓe shi Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa.

A Kano ta Tsakiya NNPP ce ta ci, sai dai an samu ruɗani. Sunan da ke hannun INEC na Ibrahim Shekarau ne, alhali ya riga ya bar jam'iyyar ya koma PDP tun a 2022. Da farko shi aka bayyana. A watan Maris na 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar da Rufa'i Sani Hanga a matsayin ɗan takarar jam'iyyar, shi ne kuma ya zama sanata.

A kujeru 24 na wakilai, NNPP ta samu sama da kashi biyu cikin uku, APC ta ɗauki sauran, PDP ba ta samu ko ɗaya ba. Mafi yawan kujerun APC a arewacin jihar suke, kamar Bichi, inda Abubakar Kabir Bichi ya ci, da Dambatta da Makoda, inda Hamisu Ibrahim Chidari ya ci. Duk da haka a cikin yankin na arewa akwai mazaɓar Dawakin Tofa da Tofa da Rimin Gado, inda Tijjani Abdulƙadir Jobe na NNPP ya kayar da ɗan gwamnan lokacin. Kun ga ke nan yanki ɗaya, sanata daga wata jam'iyya, ɗan majalisa daga wata.

Me ya sa yawan kujeru ba ya bin yawan ƙuri'a?

A zaɓen majalisa, wanda ya fi kowa ƙuri'a a mazaɓarsa shi ya ci, ko da da ƙuri'a ɗaya ya fi. Na biyu ba ya samun komai. Wannan ya bambanta da zaɓen gwamna, inda bayan rinjaye sai mutum ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi.

Ga misali daga makaranta. A ce aji uku ne, kowanne da ɗalibai 40, kowane aji zai zaɓi monita, kuma ƙungiya biyu ce ke takara, Ja da Kore. A aji na farko Ja ta samu 21, Kore 19. A aji na biyu ma haka. A aji na uku Ja ta samu 5, Kore 35. Ku haɗa da kanku: Ja tana da 47, Kore tana da 73. Amma monita biyu na Ja ne, ɗaya tak na Kore. Wato inda ƙuri'a ta faɗa yana da muhimmanci kamar yawanta. Shi ya sa jam'iyya za ta iya samun dubban magoya baya a warwatse cikin jiha, ta tashi babu kujera ko ɗaya.

Idan zaɓe bai kammalu ba fa?

Duk ɗan Kano ya san kalmar inkonkulusif. Idan aka soke ƙuri'un wasu rumfuna, kuma tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu katin zaɓe na waɗannan rumfunan ba, to ba za a bayyana kowa ba sai an sake zaɓe a can. A mazaɓar Doguwa da Tudun Wada sai da aka yi ƙarashen zaɓe ranar 15 ga Afrilu, 2023, sannan Alhassan Ado Doguwa na APC ya samu kujerar.

Wanda bai yarda da sakamako ba yana da kwana 21 ya shigar da ƙara a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. A kan kujerar majalisa, irin wannan ƙara a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Ta Kano ta Tsakiya ta kai Kotun Ƙoli ne saboda rigima ce a kan wane ne ɗan takara, tun kafin zaɓe. Sannan wanda ya ci yana iya sauya sheƙa daga baya, kamar yadda Sanata Kawu Sumaila ya koma APC a 2025. Don haka idan ka ga sakamako, duba kwanan watansa.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce mu yara ne, ba mu da ƙuri'a. Gaskiya ne sai shekara 18. To amma yawancinmu 'yan ƙaramar sakandare za mu kai wannan shekarun kafin zaɓen 2031. Kuma dokar da ta ce kowane yaro ya yi karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, Majalisar Tarayya ce ta yi ta a 2004. Wanda bai san wakilinsa ba, ba zai san wanda zai tambaya ba idan an yi doka ko kasafin da ya shafe shi.

Aikin gida

1. Rubuta sunan ƙaramar hukumarku, da yankin sanatan da take ciki.
2. Wace mazaɓar tarayya kuke, kuma wa ke wakiltar ta yanzu?
3. A misalin monita, ɗalibai nawa ne a aji na farko za su sauya ra'ayi kafin Kore ta ci ajin?

Ku saka amsoshinku a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka amsa daidai a fitowa ta gaba, in sha Allah.