Kowane kifi da mazauninsa

Wad Haddad gari ne na ƙasar Sudan. Yana kusa da kogin Nil mai gangarowa daga duwatsun Habasha, tsakanin Wad Madani da Sinnar. Hausawa da yawa suna zaune a ƙauyukan wannan yanki. Wasu manoma ne, wasu masunta.

Masunci ba ya jefa birgi ko'ina, don kada ya koma gida hannu banza. Ya san gargaza tana son bakin gaɓa, inda rana ke ratsa ruwa. Tsage da ido yake farauta. Tarwaɗa kuwa can ƙasa take, cikin laka. Da damina kogin yakan yi ja wur da ƙasar Habasha, ba a ganin kome a ciki. To, yaya tarwaɗa ke samun abinci? Da gashin bakinta take lalube, da shi take ɗanɗano.

Amma zurfin kogi wasa ne a gaban na teku. A gabashin Sudan akwai Bahar Maliya, wadda zurfinta ya wuce metir 2000 a wasu wurare. A teku, daga metir 200 hasken rana ya fara ƙarewa. Daga metir 1000 kuwa, kullum dare ne, tsiro ba ya fitowa. Kifayen can suna jiran mushen da ke faɗowa daga sama, ko su ci junansu. Wasu sukan hau sama da dare su yi kiwo, su koma kafin gari ya waye. A manyan tekuna akwai wani mai ɗan tsinke a goshi, yana haske kamar fitila. Ƙaramin kifi ya zo kallo, sai ya faɗa bakinsa!

Masunci da birgi yake sanin mazaunin kifi. Masana kuwa sukan saukar da na'urar ɗaukar hoto, su ɗaura mata nama, su jira. A shekarar 2022, kusa da Japan, sun ɗauki hoton wani ɗan kifi mai laushin jiki a zurfin metir 8336.

Tambayoyi
1. Me ya sa tarwaɗa ba ta dogara da ido?
2. Me kifayen ƙasan teku suke ci?
3. Tambayi wani masunci inda ake samun gaiwa da rani.