Fibirinojin: Sinadarin Da Matsalarsa Ke Jawo Zubar Jini Ko Gudan Jini

Duk mai amfani da wayar Android ya san irin manhajar da za a sauke ta cif, nauyinta bai ragu ba, amma a danna ta ƙi buɗewa. Haka wani sinadari mai suna fibirinojin ke yi a jinin wasu mutane: yana nan da yawansa, aikinsa ne ya lalace.

Hanta ce ke sarrafa fibirinojin, kuma lafiyayyen mutum yana da giram 2 zuwa 4 a kowace litar ruwan jininsa. Da zarar an ji rauni, wani sinadarin mai suna tirombin zai datse shi ya zama zare-zare, zaren ya saƙu kamar raga ya toshe wurin. Idan ciwo ya warke, filasmin ya zo ya warware ragar.

To, idan aka gaji fibirinojin mai naƙasa, abin da likitoci ke kira disfibirinojinimiya, matsalar kan ɗauki fuska biyu. A jikin wani ragar ba ta saƙuwa da kyau, sai yawan haɓo, jinin dasashi, jinin al'ada mai yawa, ko jini ya ƙi tsayawa bayan haihuwa ko tiyata. A jikin wani kuwa ragar kan yi taurin da filasmin ba ya iya warware ta, sai gudan jini ya toshe jijiyar ƙafa, wani lokaci ya tafi huhu. Mata masu ita sukan yi fama da ɓari. Abin mamakin shi ne, kusan rabin masu ita ba sa ganin wata alama.

Ya isa a gado ta daga uba ko uwa kaɗai. Ciwon hanta mai tsanani ma yana kawo irinta. Akwai kuma rashin sinadarin gaba ɗaya, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin miliyan. Shi sai an gado daga iyaye biyu, shi ya sa ya fi yawa inda ake auren zumunci, kuma yakan fara nuna kansa da jinin cibiyar jariri.

Agogon zamani mai auna bugun zuciya ba ya gano wannan, manhajar waya ma haka. Sai a ɗakin gwaji, inda ake auna abu biyu: aikin sinadarin ta gwajin Clauss, sannan yawansa. Idan yawa ya kai amma aiki ya yi ƙasa, an kama bakin zaren.

Wanda danginsa ke da tarihin irin wannan zubar jini, ko gudan jini tun da ƙuruciya, ya faɗa wa likita kafin tiyata, cire haƙori ko haihuwa, kuma kada ya sha asfirin ba da izinin likita ba.