Darasi: Halartar da Zuciya da Ciwon Rashin Barci

Ya ɗan'uwa, ka sani ba kowane kwana ido biyu ne ciwo ba. Likitoci suna kiransa ciwo mai daɗewa idan mutum ya kasa barci, ko barcinsa ya riƙa katsewa, aƙalla dare 3 a mako har tsawon wata 3, kuma abin ya biyo shi da rana: jiki a mace, ga saurin fushi, karatu ba ya zama.

To, me ke zaunar da ciwon? Kokawa da shi. Saurayi ya kwanta yana cewa, "Dole in yi barci, gobe akwai jarrabawa." Ya duba agogo, ya ƙirga awannin da suka rage kafin Asuba, ya sake dubawa. Wannan fargabar ita ke tayar da jiki, zuciya ta kama bugawa da sauri, barci kuwa ba a kamo shi da ƙarfi. A kwana a tashi, ganin shimfiɗar ma sai ya tayar masa da hankali.

A 1979 Jon Kabat-Zinn ya fara koya wa marasa lafiya halartar da zuciya a asibitin Jami'ar Massachusetts ta Amurka, shiri na mako 8. Ba za mu ɓoye ba, daga 'yan addinin Buda ya samo shi, ya ajiye ibadarsu, ya riƙe horon hankali. Mu ma horon kaɗai muke magana a kai. Daga baya Jason Ong ya haɗa shi da dabarun gyaran barci, kuma gwajinsa na 2014 a kan mutum 54 ya nuna raguwar lokacin da suke kwance ido biyu.

Ga yadda ake yi. Ka zauna da rana, ko da minti 10 ne, ka bi numfashinka, shigarsa da fitarsa. Tunanin bashi ko na aure zai zo, lalle zai zo. Kada ka kore shi, kada ka bi shi. Ka lura ya zo, ka koma kan numfashi. Ko sau 100 hankali ya gudu, komowar ita ce aikin. Wanda ya bari sai tsakar dare, yana jira abin ya kwantar da shi kamar ƙwaya, ya koma kokawa ke nan.

Tasbihin da Annabi (SAW) ya koya wa Fatima da Ali lokacin kwanciya, 33 da 33 da 34, yi shi zuciya na tare da harshe, ba ido na kan waya ba.

In ka kai kamar minti 20 barci bai zo ba, tashi ka bar shimfiɗar, ka zauna inda haske kaɗan ne, sai gyangyaɗi ya zo ka koma. Goro da shayi mai kauri ka tsai da su tun Azahar, don rabin sinadarinsu na nan a jini bayan kamar awa 5. Ƙwayar barci ta kemis kuwa tana kama mutum, kada ka sha sai likita ya rubuta. Mai munshari yana shaƙewa cikin barci, ko mai baƙin ciki da ya ƙi wucewa, ya fara da asibiti.