HUKUNCIN ZAƁEN UNGUWA SABODA ƘABILA GA WANDA YA ƘAURA ZUWA BABBAN BIRNI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya halicci mutane daga asali guda, Ya sassaɓa harsunansu da launukansu saboda hikimar da Ya sani. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala da take yawan samun mutanen Damagaram, domin mu mutane ne matafiya tun kaka da kakanni. Wani ma'aikacin gwamnati ne aka mayar da shi Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, wani ɗan kasuwa ne harkarsa ta koma Kano ko Ikko, wani kuwa ɗan ci-rani ne da ya ƙudura niyyar ɗaukar iyalinsa. Abin da kowannensu yake fara tambayar dillalin gidaje shi ne: ina mutanenmu suke zaune? To, shin ya halatta ga Musulmi ya zaɓi unguwa saboda ƙabilar mazaunanta? Kuma ina ne iyakar da in ya ƙetare ta ya faɗa cikin ƙabilancin da Shari'a ta hana?

1. Asalin al'amarin a tarihinmu

Wannan ɗabi'a tsohuwa ce, kuma garinmu shi ne shaidar farko. Birni shi ne mazaunin sarauta, wanda Sarki Tanimun, da ya rasu a shekarar 1884, ya kewaye da ganuwa. A bayan ganuwar nan kuma ga Zango, masaukin ayarin Abzinawa da fatake. Daga baya Sabon Gari ya taso a tsakaninsu. Gidan sarautar kansa asalinsa Barebari ne, zuriyar Malam Yunusa, ga shi yau garin da harshen Hausa yake magana, kuma duka mun taru a ƙarƙashin suna guda, wato Damagarawa.

Haka abin yake a Kano, inda sunayen unguwanni suke ba da labarin waɗanda suka kafa su: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, da Ayagi ta Yarabawa. A kudu kuma Hausawa ne suka zama baƙi, aka ware musu Sabo a Ibadan a shekarar 1916, Malam Baƙo ya kafa Sabon Zongo a Akara a farkon ƙarni na 20, ga kuma Zongon Kumasi da na Kwatano.

Amfanin zango a bayyane yake. Baƙo yana sauka a hannun mai gida, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗinsa, ya tsaya masa a kasuwa. Akwai masallaci da makarantar allo, akwai mahauci Musulmi, kuma in ajali ya riski mutum akwai waɗanda za su yi masa wanka da sutura. Cinikin goro da na shanu tsakanin arewa da kudu a kan wannan amana ya daɗe yana tafiya.

2. Hukuncin Shari'a

Asalin hukuncin zama kusa da dangi ko ƴan harshe guda shi ne halacci. Lokacin da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi hijira zuwa Madina a shekarar 622 Miladiyya, ya tarar da Ansaru kowane dangi da unguwarsa, kamar Banu Najjar da Banu Abdil Ashhal da Banu Salima, kuma bai tarwatsa su ba. Har ma ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Banu Salima sun so su taso su dawo kusa da masallaci, sai ya umurce su da su zauna a gidajensu, domin ana rubuta musu ladan takunsu. Haka nan a zamanin Sayyidina Umar (R.A.), sa'ad da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya zana birnin Kufa a shekara ta 17 bayan hijira, an yanka wa kowace ƙabila filinta, aka sanya masallacin Juma'a a tsakiya.

Sai mu lura da wannan tsari da kyau: gidaje a rarrabe, alƙibla da sahu guda. Kuma Annabi (S.A.W.) da ya bar kowa a unguwarsa, shi ne ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, kamar yadda ya haɗa Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'ad ɗan Rabi'u. Saboda haka wanda ya sauka Yamai ya nemi ɗaki a Zongo ko Bukoki domin matarsa ba ta jin Zabarmanci, ko domin mahaifiyarsa tsohuwa tana bukatar masu ɗebe mata kewa, babu laifi a kansa, kuma yana iya samun lada in ya yi niyyar sada zumunci.

3. Inda halal yake juyewa ya zama ƙabilanci

Aya ta 13 a cikin Suratul Hujurati ta bayyana cewa hikimar rarraba mutane dangi-dangi da ƙabila-ƙabila ita ce su san juna, kuma ɗaukaka a wurin Allah da taƙawa ake samunta. Duk zaɓen da ya rushe wannan hikima ya fita daga halacci. Ana gane haka da alamomi uku.

Ta farko, mutum ya guje wa unguwa domin yana ƙyamar mutanenta, yana yi wa ƙabila ɗungum hukuncin sata ko rowa ko ƙazanta. Wannan mummunan zato ne da izgili, kuma ayoyi na 11 da 12 na wannan sura sun hana su.

Ta biyu, ya fifita fasiƙin ƙabilarsa a kan mutumin kirki na wata ƙabila, ya yarda ya zauna jikin gidan caca da shaye-shaye don kawai da harshensa ake yin su.

Ta uku, ya goyi bayan nasa ko da shi ne azzalumi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa a wata tafiyar yaƙi wani Bamuhajire da wani Ba'ansare sun samu saɓani, kowa ya yi kururuwar kiran mutanensa, sai Annabi (S.A.W.) ya kira wannan da kiran Jahiliyya, ya siffanta shi da ɗoyi, ya ce a bar shi. In sunaye masu daraja irin waɗannan biyu sun zama abin zargi sa'ad da aka yi gangami da su, ina ga sunan Bahaushe ko Bazabarme ko Bafillace?

4. Maganar tsaro

Mai tambaya zai ce: Malam, tsoro ne ya sa muke tattaruwa. Wannan magana tana da tushe, kuma tsare rai yana cikin manyan manufofin Shari'a. An yi rikicin Shagamu a watan Yuli na 1999, aka mayar da martani a Kano. An yi na Kaduna a watan Fabrairu na 2000, wanda bayansa Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kiristoci suka koma kudancinsa. An yi na Jos a 2001, da na kasuwar Shasha a Ibadan a watan Fabrairu na 2021. Wanda zai kai iyalinsa garin da yake da irin wannan tarihi, wajibi ne ya bincika, kuma haramun ne ya jefa su inda ya san akwai halaka.

Amma sai a haɗa da wata gaskiyar. Unguwar da ta zama ta ƙabila guda zalla, kowa ya san inda take ranar fitina, kuma jita-jita ta fi saurin kamawa a tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Sau da yawa maƙwabci nagari ne yake tserar da mutum. A watan Yuni na 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a jihar Filato ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa har Allah Ya kuɓutar da su. Ashe gina zumunci da wanda ba naka ba shi ma ganuwa ce.

5. Ma'aunin da ya kamata a auna unguwa da shi

Magabata sun yi wasiyya da a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. A cikin hadisin mutumin nan da ya kashe rai ɗari sannan ya tuba, malamin ya umurce shi da ya bar garinsu ya koma garin masu bautar Allah, bai tambaye shi ko danginsa ne ba. Don haka ga abin da mai ƙaura zai duba, bisa jeri:

Na ɗaya, masallaci: ana tsayar da salloli biyar cikin jam'i, kuma ƙafa tana iya kaiwa da asuba?

Na biyu, tarbiyyar yara: su wa za su yi wasa da su, ina makarantar Alƙur'ani da ta boko? Mu mutanen Damagaram mun ga yadda ƙungiyoyin samarin nan da ake kira "pale" suka addabi wasu unguwanninmu, alhali ƴaƴanmu ne na cikinmu, harshenmu guda. Zama cikin naka kaɗai bai isa ya tsare yaro ba.

Na uku, aminci da lafiyar wurin: ruwan sha, asibiti, da hanyar ruwan damina. Ambaliyar kogin Kwara ta shekarar 2020 da ta shiga unguwannin hayin kogi a Yamai ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ba.

Na huɗu, kuɗin haya da nisan wurin sana'a, kada mutum ya ɗora wa kansa bashi don a ce yana unguwar manyan garinsu.

Na biyar, kusanci da dangi da ƴan harshe. Wannan shi ne matsayinsa: abin rinjayarwa ne idan sauran sun yi daidai.

Bayan an tare kuma, sai haƙƙin maƙwabtaka ya hau wuyan mutum. Aya ta 36 a cikin Suratun Nisa'i ta yi umurni da kyautata wa maƙwabci na kusa da kuma maƙwabci bare. Malamai sun ce maƙwabci Musulmi ɗan'uwa yana da haƙƙi uku, Musulmi bare yana da biyu, wanda ba Musulmi ba yana da guda, wato na maƙwabtaka. Abdullahi ɗan Amru (R.A.) da aka yanka akuya a gidansa, sai da ya nanata tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Koyon gaisuwa da harshen mutanen gari, da zuwa suna da ta'aziyyarsu, duk suna cikin wannan babi.

6. Nasiha ga mu mazauna gida

Kamar yadda muke zama baƙi a garin wasu, haka wasu suke zama baƙi a namu. Tun da aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a shekarar 2011, ga jami'a, ga ƴan'uwanmu da fitinar Boko Haram ta koro daga jihar Diffa, masu neman haya sun ƙaru a Damagaram. Mai gida yana da ikon bincikar halin wanda zai ba wa ɗaki da amanarsa, amma hana mutum ko tsawwala masa kuɗi saboda ƙabilarsa kaɗai aiki ne da ya saɓa wa karamcin Ansaru. Kuma mu tuna da ranar 16 ga Janairu 2015, sa'ad da fushin ɓatancin da wata jaridar Faransa ta yi ya kai ga ƙona coci-coci da dukiyar mutane a wannan gari. Fushin kare martabar Annabi (S.A.W.) yana cikin imani, amma maƙwabtan da aka cutar ba su ne suka yi zanen ba, kuma Shari'a ba ta kama wani da laifin wani. Abin da ba mu so a yi wa ɗanmu a Ikko, kada mu yi wa ɗan wani a Sabon Gari.

Muna roƙon Allah Ya azurta matafiyanmu da maƙwabta nagari, Ya sanya mu ma mu zama nagari ga maƙwabtanmu, Ya tsarkake zukatanmu daga ɗoyin Jahiliyya, Ya zaunar da ƙasarmu da sauran ƙasashen Musulmi lafiya. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.